Wace mita ta dace da aikin wayarin mota?

Ɗan'uwa, ka ce batirinka na mutuwa cikin dare, kana neman mitar da za ka riƙa gwada wutar mota da ita. Sayi mai nuna lambobi, ka bar mai allura. Mai allura tana jan wuta daga wayar da take gwadawa, kuma a motocin zamani masu kwamfuta hakan kan ɓata awon na'urorin injin. Duba bayan kwalin, ka nemi wadda aka rubuta megohm 10, alamar ba ta jan wuta sosai ke nan.

Ga matsalarka, abin da ya fi muhimmanci shi ne ramin amp 10 na jikin mitar, inda ake soka wayar gwaji, mai fis a ciki. Da shi za ka kama ɓarawon wuta: kashe mota, cire wayar baƙin kan batir, ka haɗa mitar tsakanin wayar da kan batirin, ka ba ta kamar rabin awa kwamfutocin su yi barci. In motar tana jan fiye da miliamp 50, bi fis-fis ɗin kana zarewa ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Don Allah kada ka tayar da mota a haka, kik na jan amp fiye da ɗari, nan take zai ƙone fis ɗin mitar. Ƙananan masu arhar nan da yawa ba su da fis a ramin, shi ya sa nake guje musu.

Mitar kuma ta zama mai yin ƙara in waya lafiya take, don a gane wayar da ta tsinke. Lafiyayyen batir yana nuna wajen bolt 12.6, in injin na aiki kuma 13.5 zuwa 14.7. Mitar kamfanin Fluke tana da ƙarko amma da tsada, ta UNI-T ta ishe ka.