Kafin ku sayi na'urar tsaro, ku fara ƙirga makullan gidanku

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manajan gudanarwa ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke Kakuri, nan Kaduna. Muna da rassa a Zariya da Kafanchan da Kano, ma'aikatanmu sun kusa 200. Bayanan dillalanmu, basussuka, albashi, har lambobin NIN da BVN na ma'aikata, duk suna cikin kwamfuta. A watan jiya saura ƙiris mu tura kuɗin tirela guda ta kaya asusun ɓarayi, saboda wani imel da ya shigo da sunan kamfanin da muke sari a wajensa, wai sun canza banki. Allah ya sa akantanmu ya buga musu waya. Yanzu an kawo mana takardar farashin wata na'urar tsaro ta miliyoyin naira, an ce ita ce magani. Mu saya? In ba haka ba, ta ina za mu fara?

Mai karatu daga Kakuri

Amsa: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Ku dakata da sa hannu a takardar nan tukuna. Na'urar tana da ranarta, zan zo kanta, amma abin da ya kusa cin ku a watan jiya da wuya ta tare shi.

Ga yadda irin wannan damfara take tafiya. Ko dai ɓarayin sun shiga akwatin imel na abokan cinikinku, sun yi makonni suna karanta wasiƙunku har suka san ranar biya da salon rubutun manajansu, ko kuma sun buɗe adireshi mai kama da nasu, bambancin harafi ɗaya tak. Saƙon ba ya ɗauke da ƙwayar cuta, magana ce kawai, don haka na'ura za ta bar shi ya wuce. Wayar da akantanku ya buga ita ta cece ku, sai dai ya buga ne don Allah ya sa ransa bai kwanta ba. Ku mai da ita doka a rubuce: duk canjin lambar asusu, sai an kira lambar wayar da ke cikin fayil tun farko, ba wadda aka rubuta a ƙasan imel ɗin ba. Kuɗin da ya wuce wani adadi kuma sai mutum biyu sun amince.

Akwai wani abu namu na nan da dole in faɗa. Ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ce wa mai gida “bari in tabbatar”. Saƙo ya shigo WhatsApp da hoton Alhaji, cewa yana cikin taro a Abuja, a tura kuɗi yanzu-yanzu, yaro zai tura jiki na rawa. Ɓarayin sun san wannan kunyar tamu sarai, kuma yanzu har murya ana kwaikwaya da kwamfuta. Maganinta a bakin mai kamfanin yake. Ya tara ma'aikata ya ce da kansa, “Ko ni na aiko, ku kira ni ku ji.”

Sai makullai. Na taɓa zuwa duba wani ofishi a kan titin Ahmadu Bello. Na ɗaga allon rubutun kwamfutar mai karɓar kuɗi, sai ga kalmar sirri a rubuce a 'yar takarda, an manne ta da salatif. Mutum bakwai ke shiga da wannan suna guda, don haka ko an goge lissafi ba a san hannun wa ba ne. Da muka fito da jerin masu izinin shiga, muka tarar da sunan wani mai kula da sito wanda ya bar aiki shekara biyu da suka wuce, ƙofarsa tana nan a buɗe. Kada ka ce wannan sakacin ƙananan wurare ne. A watan Mayun 2021, kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke kai mai gabashin Amurka, ya tsai da aiki na kwanaki, ya kuma biya fansar kusan dala miliyan 4.4. An shiga ne ta wani tsohon asusu da ba a rufe ba, wanda kalmar sirri kawai ke tsaronsa.

Don haka a makon nan ka sa a buga maka jerin duk wanda ke iya shiga imel, manhajar lissafi da babbar kwamfutar ajiya. Ka zauna da jan biro ka bi shi suna bayan suna. Wanda ya bar aiki a rufe nasa. Kowa ya samu nasa sunan shiga, kuma ya ga iyakar abin da aikinsa ke buƙata. Mai sito ba shi da hurumi a fayil ɗin albashi. Sannan a kunna tabbatarwa ta biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sa lambar da waya ta nuna. Wadda manhaja ke bayarwa, irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, ta fi ta saƙon tes, domin ana iya sace layin mutum ta hanyar yi masa sabon sim. Wannan duka kusan kyauta ne.

Inda na fi so ka kashe kuɗi shi ne kwafin ajiya. Akwai manhajojin da ke yin garkuwa da bayanai: ka zo da safe ka tarar kowane fayil a kulle, da saƙon neman fansa a fuskar kwamfuta. Ranar nan tambaya ɗaya ce, kana da kwafin da hannunsu bai kai ba? A watan Yunin 2017, harin cutar kwamfuta mai suna NotPetya ya durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk a faɗin duniya, asararsa ta kai wajen dala miliyan 300. Kwafin wani muhimmin ɓangare na tsarinsu ya tsira ne a ofishinsu na Ghana, saboda an ɗauke wuta a can, kwamfutar ba ta kan layi lokacin da cutar ke yaɗuwa. Mu da muka saba da ɗauke wuta za mu yi dariya, amma abin da ya faru can bisa tsautsayi shi za ka yi da gangan. Kwafi uku, a wurare iri biyu, ɗaya a wajen ginin kuma a cire shi daga layi. Faifan da ke maƙale jikin babbar kwamfuta dare da rana, tare za a kulle su.

Kuma a gwada. Yawancin wuraren da na je za su ce suna da kwafi, amma ba wanda ya taɓa dawo da shi ya gani. Ka zaɓi wata Asabar, ka ce wa yaranka na kwamfuta su ɗauka komai ya ƙone, su tayar da manhajar lissafi a wata kwamfuta daban, kai kuma ka riƙe agogo. In ya ɗauke su kwana uku, to ka san kwana uku motocinka za su yi a tsaye a Kakuri.

Sabunta manhaja ba ya buƙatar dogon bayani. Harin manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry da ya rikita asibitocin Ingila a Mayun 2017 ya bi ta ramin da Microsoft ta riga ta fitar da facinsa tun watan Maris. Windows ɗin sata da ake sa wa mutane a kasuwa ku rabu da shi, kuma ku sani Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025.

Yanzu ga inda na'urarku za ta yi amfani. Aikinta shi ne gina katanga tsakanin ɗakuna: intanet ɗin baƙi daban, kyamarorin tsaro daban, sashen kuɗi daban, reshen Kafanchan kuma ya shigo ta ƙofa guda da ake gadi. Haka ma 'yan kwangila. A 2013 an sace bayanan katin banki kusan miliyan 40 a kantunan Target na Amurka, kuma ɓarayin sun shigo ne da makullin wani kamfanin da ke yi musu aikin na'urar sanyaya wuri. Wanda ya sa muku manhajar lissafi, yana shiga daga gidansa duk lokacin da ya ga dama? Ka bincika.

Tunda ka ambaci NIN da BVN, akwai doka a kanku. Dokar kare bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. In aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, awa 72 gare ku daga lokacin da kuka sani ku sanar da hukumar. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ku sa lauyanku ya duba rukunin da kuka faɗa. Kwamfutocin tafi-da-gidanka kuma a kulle faifansu da BitLocker, manhajar Windows da ke hana karanta faifai sai da makulli, don in an fasa gilashin mota an ɗauke jaka, ƙarfe kawai aka sata. Takardun ma'aikacin da ya daɗe da tafiya, in doka ba ta ce a riƙe ba, a goge.

Ka tanadi takarda guda, ta hannu, a aljihun tebur, mai lambobin wanda za a kira ranar da abu ya faru: jami'in bankinku, lauya, masanin tsaro, ofishin EFCC na Kaduna, da ngCERT, cibiyar kai ɗauki kan kutsen kwamfuta da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. In kuɗi ne ya fita, banki za a fara kira nan take, domin ɓarayi ba sa barin kuɗi ya kwana a asusu ɗaya. In kwamfuta ce ta kamu, a zare mata wayar intanet, amma kada a goge ta, shaida tana ciki.

Idan masu na'urar suka dawo, ka tambaye su nawa ne lasisinta duk shekara, a naira ne ko a dala, kuma in ta yi ƙara ƙarfe biyun dare ranar Sallah, wa zai gani. Ka ce su rubuta amsar a cikin kwangila.