Fim ko dijital: hoton gini da hantsin farko

Malam, ka ce in ka ɗauki tsohon gini da fitowar rana, ko dai sama ta fito fari fat, ko bangon ya yi baƙi ƙirin, kana tambaya ko fim zai fi kamarar dijital.

Matsalar tazara ce tsakanin wuri mafi haske da wuri mafi duhu, kuma fim da dijital kowanne da inda yake gazawa. Dijital, muddin haske ya ƙone, ya tafi ke nan, amma inuwa tana dawowa sosai in ka ɗauka a RAW (ɗanyen fayil da kamara ba ta sarrafa ba) da ISO 100 (ƙaramin saitin jin hasken kamara). Saboda haka auna haskenka a sama, ka bar bangon ya ɗan yi duhu, ka ɗago shi a kwamfuta.

Fim na nagatif (wanda haske da duhu ke fitowa a juye a kansa) irin Kodak Portra 400 akasin haka yake. Yana jure ƙarin haske mataki biyu (kowane mataki ninka haske ne sau biyu) ba tare da sama ta lalace ba, amma in ka rage masa, inuwa ta zama dauɗa. Shi a inuwa ake aunawa. A kan bangon jan ƙasa irin na Gidan Makama a Kano, ni dai laushin launin wannan fim ya fi burge ni.

Kada ka ɗauka duk fim haka yake. Fuji Velvia silaid ne, wato fim da hoto ke fitowa a kansa kai tsaye ba a juye ba, tazararsa ƙarama ce, ya fi dijital saurin ƙona sama. Kuma kada ka yanke wa dijital hukunci da JPEG, fayil ɗin da kamara ta riga ta sarrafa ta matse, don inuwarsa ba ta dawowa kamar ta RAW.

Lokacin hazo tazarar tana raguwa, duka biyun za su wadatar.

Wanki da sikan kuwa, kai wa ƙwararren mai wanke fim, don sikan mara kyau yana zubar da abin da nagatif ya riƙe.