Tambaya da Amsa: Yadda fursunonin siyasar Tibet ke jure zaman kurkukun Sin

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai 'yan Tibet da suka haura shekara talatin a kurkukun ƙasar Sin kuma suka fito da ransu. Me ya riƙe su tsawon wannan lokaci?

Amsa: Haka ne. Sojojin Sin sun shiga Tibet a 1950, kuma bayan boren Lhasa, babban birnin Tibet, na watan Maris 1959, wanda ya sa Dalai Lama, jagoran addinin Buddha na Tibet, ya tsere Indiya, an kama dubban mutane. Palden Gyatso, ɗan zuhudu mabiyin addinin Buddha, yana cikinsu, bai fito ba sai 1992, bayan shekara 33. Takna Jigme Sangpo, malamin makaranta, ya yi shekara 37 a jimlace.

A farkon shekarun 1960 yunwa ce ta fi duka kisa, domin lokacin ƙasar Sin ɗungurungum tana cikin matsanancin ƙarancin abinci, ga aikin ƙarfi. Gyatso ya ba da labarin yadda ya ci fatar takalminsa. Daga baya azaba ta koma ta kulkin lantarki, da ɗaure hannu ta baya, da kulle mutum shi kaɗai a ɗaki mai duhu. A 1990 aka cusa wa Gyatso kulkin a baki, haƙoransa suka zube. Da ya fita sai ya tsallaka Indiya da irin waɗannan kayan azabar don duniya ta gani da idonta.

Abin da tsofaffin fursunoni ke yawan ambata shi ne zama da juna da kuma ibada. An hana addu'a a fili, sai su riƙa maimaita abin da suka haddace a zuci. Wanda iyalinsa suka kawo wa garin sha'ir ko man shanu ya raba da wanda ba shi da mai ziyara, wanda aka jikkata kuma 'yan ɗakinsa ne masu jinyarsa. Amma kada a ɗauka juriyar kyauta ce. A 1993 mata 14 'yan zuhudu a kurkukun Drapchi na Lhasa suka naɗi waƙoƙi a rakodar da aka shigo da ita a ɓoye, kaset ɗin ya fita waje, aka ƙara wa kowacce shekara biyar zuwa tara. Ngawang Sangdrol, da aka fara kamawa tana shekara 13, an yi ta ƙara mata har hukuncinta ya kai shekara 21. Bayan zanga-zangar watan Mayu 1998 a Drapchi, mata biyar sun mutu cikin 'yan makonni.

Tambaya: Yanzu da wane laifi ake kama su?

Amsa: Galibi sashe na 103 na dokar manyan laifuka ta Sin, wato neman raba ƙasa ko tunzura jama'a a kan haka, sai zargin fitar da sirrin gwamnati. Tashi Wangchuk ɗan kasuwa ne da ya nemi a riƙa koyar da harshen Tibet a makarantu. An kama shi a Janairun 2016 bayan hira da jaridar New York Times, ya yi shekara biyar cif. Lokaci mafi haɗari shi ne kafin shari'a. 'Yan sanda na iya riƙe mutum kwana 37 kafin a kama shi a hukumance, akwai kuma tsarin ajiye shi a wurin da ba a bayyana ba har wata shida, babu lauya babu dangi. A nan ake tilasta amsa laifi, duk da cewa Sin ta amince da yarjejeniyar hana azabtarwa tun 1988.

Tambaya: Surutun ƙasashen waje yana amfanar su kuwa, ko dai yana ƙara jefa su cikin wahala?

Amsa: Duka biyun sun faru. Takna ya ɗaga murya yana kiran 'yancin Tibet lokacin da wata tawagar Suwizalan ta ziyarci Drapchi a 1991, aka ƙara masa shekara takwas. Sai dai wannan ne ya sa sunansa ya bazu, kuma a 2002 aka sake shi bisa dalilin rashin lafiya, shekarar da aka saki Sangdrol. A ganinmu fursunan da aka san sunansa da ranar kama shi da inda yake, ya fi wanda ba a san da shi ba samun sauƙi. Wannan hanyar ta ƙuntata yanzu. Tenzin Delek Rinpoche, malamin addinin Buddha, sananne ne ƙwarai, amma ya mutu a kurkuku a lardin Sichuan a Yulin 2015, hukuma ta ƙone gawar ba ta miƙa wa iyalinsa ba.

Wanda aka saki kuma yakan fito da hukuncin hana shi haƙƙin siyasa na wasu shekaru, ana sa masa ido, ɗan zuhudu ba ya komawa gidan ibadarsa, aiki ma da wuya. Waɗanda suka isa Dharamsala a Indiya suna samun magani da koyon sana'a daga ƙungiyar Gu Chu Sum, wadda tsofaffin fursunoni suka kafa a 1991, amma tun bayan zanga-zangar 2008 a Tibet an tsaurara tsaro a iyakar Nepal, masu tsallakawa sun ragu ƙwarai.