Tambaya da Amsa: Ɗana ya sayi gida a Ingila, wai kuma sai ya sayi ƙarin shekaru

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga unguwar Yelwa a Garwa. Ɗana yana aikin jinya a Manchesta, da ya tashi sayen fulat a wani bene sai da na sayar da shanun gadona da 'yan gwala-gwalaina na cika masa. To yanzu ya bugo waya wai saura shekara 82 a takardar gidan, sai ya biya wasu maƙudan kuɗi a ƙara masa. Malam gidan da aka saya kuma har da ƙidayar shekaru? Kuma 82 ai daga ni har shi ba mai kaiwa. Anya ba cutar yaron nan ake ba? Hajiya, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ki kwantar da hankalinki ba wanda ya cuce shi, gaskiya ma yaronki ya farga a kan lokaci.

Mu nan in mutum ya riƙe titir fonsiye, wato takardar mallakar fili, shike nan, ƙasa da gini nasa ne har jikoki. A Ingila yawancin fulat ba haka ake sayar da su ba, ƙasar da ginin gaba ɗaya suna hannun wani, abin da ɗanki ya saya shi ne haƙƙin zama na dogon zango, galibi shekara 99 ko 125, kuma tun ranar da aka fara rubuta takardar ake ƙirgawa ba ranar da shi ya saya ba, shi yasa kika ji 82. In suka ƙare gida ya koma hannun mai ƙasa.

Kin ce ba mai kaiwa, haka ne, amma Hajiya tun kafin a je can asarar take farawa. Duk shekarar da ta fita darajar gidan raguwa take, bankuna kuma ba sa son ba da bashin sayen gidan da shekarunsa suka yi ƙasa, kinga ranar da zai sayar ya dawo gida, ko 'ya'yansa su gada, masu saye za su yi ta ja da baya suna taya shi a wulaƙance. Kuɗin shanunki ne fa ke zagwanyewa a hankali, wannan shi ne ya dame ni.

Kuma akwai wani layi da ba a wasa da shi, shekara 80. Da zarar an faɗo ƙasa da 80 to bayan kuɗin da aka saba biya, mai ƙasa yana da rabin ƙarin darajar da gidan zai samu in an tsawaita, nan take farashin yake tashi. Shi yana kan 82, wato saura ƙiris. Abin daɗin shi ne ranar da lauyansa ya miƙa wa mai ƙasa takardar sanarwar neman ƙarin shekaru, wadda ake kira ta sashe na 42, shekarun wannan ranar ake lissafi da su ko da ciniki ya ja watanni.

Dokar 1993 ce ta ba shi wannan haƙƙin, ba alfarma mai ƙasa zai yi masa ba. Ana ɗora shekara 90 a kan abin da ya rage, nasa ya zama 172, kuɗin ƙasa da yake biya duk shekara kuma ya faɗi gaba ɗaya. Da can sai mutum ya shekara 2 da mallakar gidan, an cire wannan sharaɗin tun Janairun 2025. Mai ƙasa yana da aƙalla wata 2 ya ba da amsa, yana iya neman kafin alƙalami na kashi 10 cikin 100 na kuɗin da ɗanki ya taya, in kuma an kasa daidaitawa akwai kotun gidaje da ke yanke farashi. Sai dai ya sani shi zai biya nasa lauyan da mai kimanta gida, har da na mai ƙasan.

Wasu za su ce masa ya jira, ai dokar 2024 ta yi alkawarin shekara 990 da soke wancan rabin. Eh an zartar da ita, amma wannan ɓangaren bai fara aiki tare da zartarwar ba, an bar shi sai an fitar da ƙa'idoji. Ya tambayi lauya inda aka kwana, ni dai wanda saura shekara 82 a takardarsa ba zan ce masa ya zauna jiran gawon shanu ba. Haka in mai ƙasa ya ce zo mu shirya tsakaninmu ba sai ta doka ba, kar ya sa hannu sai lauya ya karanta layi layi, don a nan ake ba da shekaru kaɗan a bar kuɗin ƙasa yana tafiya.

Ki ce masa ya ciro takardar gidan daga ofishin rajistar filaye ya ga ainihin ranar da aka fara ƙirge, don 82 ɗin ma tana iya zama 81 da 'yan watanni, sannan ya tuntuɓi hukumar LEASE mai ba masu irin wannan gida shawara, kyauta suke ba da shawarar farko.