Jirgin da ba naka ba, da wane hurumi za ka tsare shi?

Tambaya: Malam, na ji a rediyo an tsare wani jirgin ruwa na dakon kaya a tashar wata ƙasa, alhali tutar wata ƙasar daban yake ɗauke da ita. Ina ce ƙasar da ta yi masa rajista ce kaɗai ke da iko da shi? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana, a ƙa'ida ƙasar da jirgi ya ɗaga tutarta ita ke da alhakin duba lafiyarsa. Sai dai manyan jirage da dama tutar Panama ko Laberiya ko Tsibiran Marshal suke yawo da ita, wani ma har ya tsufa bai taɓa yada zango a ƙasar da ta ba shi takarda ba. To wa zai leƙa cikinsa?

A 1978 tankar Amoco Cadiz, mai tutar Laberiya, sitiyarinta ya lalace, ta daki duwatsu a gaɓar Faransa, ɗanyen mai sama da tan dubu 200 ya malale a teku. A 1982 sai ƙasashen Turai 14 suka sa hannu a yarjejeniyar Paris, cewa kowacce za ta riƙa binciken baƙin jirage a tashoshinta da ma'auni ɗaya. Hurumin kuwa daga dokokin Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya ya fito, irin su SOLAS ta kare rayuka da MARPOL ta hana gurɓata teku. Yankin Asiya da Fasifik ya yi tasa a Tokyo a 1993, Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a Abuja a 1999.

Haɗuwar ta zama dole ne domin jirgi ba a wuri ɗaya yake zaune ba. In ƙasa ɗaya ta matsa, mai ruɓaɓɓen jirgi sai ya karkata zuwa maƙwabciyarta, ya tafi da cinikin. Yanzu kuwa abin da sufeto ya rubuta yau, takwaransa na gaba zai gani a kwamfuta kafin jirgin ya iso.

Na yi shekaru a ɗakin inji, na san zufar ranar bincike. Takardu sufeto kan fara dubawa, amma gogagge ba ya daɗewa a kansu. Sai ya ce a tada famfon kashe gobara na ko-ta-kwana, yana tsaye yana kallon agogo. Na taɓa ganin wani ya durƙusa gaban injin da ke raba mai da ruwan datti, yana shafa notikan bututu da yatsa. Fentin da ya ɓare yake nema, alamar an sha kwance su ana zuba dattin a teku da dare. Har ɗakin ajiyar abinci da takardar albashin ma'aikata suna dubawa, kuma ni wannan ya fi burge ni. In aibin ya yi tsanani, jirgi ba ya motsi sai an gyara.

Ƙasashen yarjejeniyar Paris kan jera tutoci a rukunin fari, ruwan toka da baƙi, gwargwadon yadda ake tsare jiragensu, jirgin da aka sha tsarewa kuma a haramta masa tashoshinsu gaba ɗaya. Ba kowane yanki ne ya kai nan ba. Akwai tashar da sufetocinta ba su taka kara sun karya ba, kuma masu jirage sun san ta sarai.