Tafiyar zagaye a karkarar Ingila: ina aka yarda a bi, kuma awa nawa za ta ci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Ingila. Abokan karatuna sun shirya fita yankin Cotswolds a watan Disamba domin tafiyar ƙafa ta kilomita 12, wadda za ta tashi daga wani ƙauye, ta haye tuddai, ta ratsa wasu ƙauyuka, sannan ta komo inda aka fara. Da na duba taswira sai na ga hanyar ta bi ta tsakiyar gonakin mutane. Shin doka ta yarda da haka? Kuma yaya zan san ko za mu gama kafin duhu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Doka ta yarda, amma abin da ta ba ka shi ne haƙƙin wucewa ta kan turbar, ba haƙƙin yawo a cikin gonar ba. A Ingila da Wales akwai irin waɗannan hanyoyi na jama'a da tsawonsu ya kai kusan mil 140,000, kuma tun bayan wata doka ta shekarar 1949 aka ɗora wa hukumomin yankuna alhakin zana su a taswirar da ta zama hujja a gaban shari'a. Ƙasar ta mai gona ce, amma ba shi da ikon toshe turbar ko ya hana kowa bi. Idan ma ya yi huɗa a kan wadda ta ratsa gonarsa, kwana 14 doka ta ba shi ya mayar da ita yadda za a gane ta, kuma faɗinta kada ya gaza mita 1. Kai kuwa da zarar ka kauce ka shiga cikin shuka, ko ka tsallake katanga don ka rage nisa, to ka fita daga abin da aka halatta maka. Wata doka ta shekarar 2000 ta buɗe wasu filayen duwatsu da na daji ga masu tafiya, sai dai gonakin da ake nomawa ba sa cikinsu.

A bakin kowace turba za ka ga ƙaramar kibiya a jikin turke ko ƙyaure. Mai ruwan ɗorawa tana nufin hanyar ƙafa zalla, shuɗiya kuma ta masu ƙafa da doki da keke ce, ja kuwa har mota tana iya bi. A nan ne yawancin sababbi suke ɓata, domin kibiyar tana faɗa maka matsayin hanyar ne a doka, ba ta san zagayen da ka zaɓa ba. A kusurwar gona guda kana iya tarar da kibiyoyi uku masu launi ɗaya, kowace ta nufi wani ƙauye dabam. Wanda ya tafi ya dawo ta hanya ɗaya yana da abin tunawa, ya ga wannan bishiya da waccan gada da safe. Mai zagaye kuwa kowane taku nasa sabo ne har ya iso. Saboda haka ku riƙe taswirar Ordnance Survey (hukumar zana taswira ta Birtaniya) mai ma'aunin 1:25,000, wadda santimita 4 a cikinta suke daidai da kilomita 1. Ita ce take nuna iyakar kowace gona, har ka san ko shingen ya kamata ya kasance a damanka ko a hagunka, kuma korayen ɗigo-ɗigon da ke cikinta su ne hanyoyin jama'a. Wayar hannu tana da amfani, amma sanyi yana cin batir da sauri, kuma a cikin kwari sau da yawa babu sabis.

Batun lokaci shi ne ya fi damuna a shirin naku. Masu hawan duwatsu suna da wani lissafi da William Naismith ya fitar a shekarar 1892: awa 1 ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. Tuddan Cotswolds ba su da tsawo sosai, mafi tsawonsu, Cleeve Hill, mita 330 ne kawai, amma hawa da sauka da ake ta maimaitawa suna taruwa. Daga ƙauyen Broadway zuwa hasumiyar da ke kan tudunsa, wadda take a mita 312, ana hawan fiye da mita 200 cikin ɗan gajeren zango, alhali tsakanin Bourton-on-the-Water da Lower Slaughter kusan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. In muka ɗauka zagayenku yana da hawan mita 300 gaba ɗaya, lissafin zai ba da kusan awa 3. Wannan kuwa na mutum ɗaya ne mai ƙarfi a busasshiyar hanya. Ku ayari ne, za ku yi layi a kowace matakalar tsallake shinge, za ku tsaya duba taswira, ga taɓon Disamba da yake liƙe wa takalmi har ya yi nauyi. Ku sa awa 4 da rabi a ranku. A wannan wata rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma, don haka ban ga dalilin da zai sa ku wuce ƙarfe 10 na safe ba ku kama hanya ba.

Tunda zagaye ne, kuna da zaɓin ɓangaren da za ku fara. Ni na fi son a yi hawa mafi wuya tun da fari, ƙafa da sauran ƙarfi, a bar shimfiɗaɗɗen wuri ko titin ƙauye ya zama ƙarshe, domin in duhu ya riske ku gara ya riske ku a inda ba a ɓata. Kafin ku tashi ku nemi wata turba da ta yanke zagayen a tsakiya, ku yanke shawarar cewa in ba ku isa mahaɗarta ba zuwa ƙarfe kaza, ta nan za ku koma.

Sauran ƙa'idodin ba su da yawa. Ƙyaure a bar shi yadda aka same shi, domin wani lokaci manomi da gangan yake buɗewa dabbobinsa su je ruwa. Shanu masu maruƙa a ba su fili, a wuce a hankali, ba gudu ba ihu, kuma kada a shiga tsakanin saniya da ɗanta. In akwai mai kare a cikinku ya riƙe shi da igiya kusa da tumaki, amma in shanu suka biyo su ya saki igiyar, karen zai fi shi iya tsira. Kowa ya sa takalmi mai kama ƙasa, ya ɗauki rigar ruwa da tocila, kuma ku sanar da wani wanda ba ya cikin tafiyar sunan ƙauyen da kuka tashi da lokacin da kuke sa ran komowa.