Amsa ga ƙanena a kan agogon turbo da ya gani a hoto

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya a gida, na ga saƙonka inda kake tambaya a kan ƙaramin agogon da ke gefen sitiyarin motata, da kuma ko gaskiya ne samarinmu na Hamburg sun koma tseren mota. Zan fara da agogon, domin idan ka fahimci aikinsa, rabin damuwarka ta tafi.

Agogon turbo muke ce masa, kuma ba ya ƙara wa mota gudu ko kaɗan. Ka san turbo farfela biyu ce a kan sanda guda: hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya ɗaya, ita kuma ɗayar tana cusa iska cikin injin fiye da abin da zai iya zuƙa da kansa, dabarar da wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi wa rajista tun 1905. Aikin agogon shi ne ya nuna ƙarfin matsin wannan iska, kuma a nan Jamus da bar ake aunawa, wanda kowane ɗaya ya kai kusan psi 14.5, wato ma'aunin da ake auna iskar taya da shi. A motar fetur irin tawa, Golf GTI mai injin lita 2, idan tana tsaye injin na aiki, allurar takan zauna ƙasa da sifili, wajen 0.6 zuwa 0.7, amma da zarar an taka totur sosai sai ta haura zuwa kusa da bar 1. Wanda ya saba da inda allurarsa take tsayawa, shi ne yake gane ciwon mota tun kafin ta kwanta. Ni kaina a bara na lura ta daina wuce rabin bar, muka duba muka tarar wani tiyo ya tsage saboda tsufa, aka canza shi da kuɗi kaɗan.

Yadda muke ɗaura shi kuwa, a nan ne al'adarmu ta bambanta da ta gida. Ba a kwance mota a bakin titi a zubar da baƙin mai, kuma ranar Lahadi ranar shiru ce wadda maƙwabta ba sa yarda da ƙarar guduma. Saboda haka ranar Asabar muke haɗuwa, 'yan zangon Kumasi da na Nima da mutanen Damagaram da mu Kanawa, mu kama hayar gareji na awa biyu ko uku, a zo da shayi a fulas, wanda ya fi sanin aikin ya tsaya a kan masu koyo. Ana jawo siririn tiyo daga bututun da ke shigar da iska cikin injin, kuma lallai ya zama bayan totur, domin idan aka ɗauko daga gabansa agogon ba zai nuna zuƙar da injin ke yi ba. Daga nan a bi da shi ta kafar roba da ke bangon da ya raba injin da mazaunin direba, a nisanta shi daga duk abin da ke zafi ko motsi, a ɗaure kowace mahaɗa tamau. Wutar fitilarsa daga fiyus ɗin da ke kamawa sai an murɗa makulli ake ɗaukowa, don kada ya shanye batir da dare. Abin da na fi matsa wa yara a kai shi ne mahaɗar nan, domin idan ta saki, iska ta ɓarauniyar hanya za ta shiga injin ta rikita ma'aunin mai.

Wurin da ake kafa agogon shi ma ba a wasa da shi. Ginshiƙin gefen gilashin gaba na motoci da yawa yana ɗauke da jakar iska, wadda idan ta fashe a haɗari za ta harbo agogon a fuskar direba, don haka mu a kafar iskar sanyaya ciki muke sa shi, inda ba ya tare gani. Kowace motar hawa ta gida a nan sai an kai ta duba duk shekara 2 (sabuwa kuwa dubanta na farko bayan shekara 3 ne), a wurin TÜV, wato ma'aikatar duba lafiyar motoci, ko makamancinta, kuma masu duban suna lura da irin wannan.

Batun tsere kuma, ka kwantar da hankalin Hajiya. Tun 2017 tseren ganganci a titi ya zama babban laifi a dokar Jamus, mai kai mutum gidan yari har shekara 2, ko 10 idan an rasa rai, kuma baƙon da ya ci wannan hukunci yakan jefa takardun zamansa cikin haɗari. Haka nan wanda ya taɓa kwamfutar injin ya ƙara matsin turbo ba tare da an rubuta a takardun motar ba, zai iya rasa izinin hawanta, inshora kuma ta juya masa baya. Dattawanmu sun tsaya a kan wannan ƙwarai, har wanda aka ji ya yi ganganci ba a sake kiransa garejin Asabar. Mai son ya gwada motarsa yakan tara kuɗi ya tafi Nürburgring, filin tseren mota mai tsawon kusan kilomita 21, inda ake biyan kuɗin zagaye a ranakun da aka buɗe wa jama'a.

Tun da ka ce kana son ka sa wa motar maigidanka, ka sani zafin Kano a watan Afrilu da ƙurar hunturu suna wahalar da turbo fiye da sanyin nan. Ka riƙa duba matatar iska a kai a kai, ka nemi baƙin mai na gaske, kuma bayan doguwar tafiya a bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu kafin a kashe. Ka turo mini hoton cikin bonet ɗin, in nuna maka tiyon da za ka ɗauka.